Cutar Korona Da Jijjiga: Abin Da Ya Kamata Iyalanmu Mazauna Ƙetare Su Sani

Yawancinmu mun san korona a matsayin cutar tari, zazzaɓi da sarƙewar numfashi, kuma haka ne, domin huhu ta fi kamawa. Amma tun a watannin farko na shekarar 2020 likitoci suka lura cewa wasu daga cikin waɗanda ta kwantar suna nuna alamun da suka shafi ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, kamar ciwon kai mai tsanani, rashin jin ƙanshi, ruɗewar hankali da shanyewar ɓarin jiki. Daga cikin waɗannan alamu akwai jijjiga, wadda wasu ke kira taune-taune, wato mutum ya yanke jiki ya faɗi yana karkarwa kamar mai farfaɗiya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annoba ranar 11 ga Maris 2020, ta kuma janye dokar ta-ɓacin da ta sa a kanta ranar 5 ga Mayu 2023. Janye dokar bai kori cutar ba, har yanzu tana yawo a tsakanin jama'a, sai dai ta rage kisa saboda rigakafi da kuma garkuwar da jikin mutane ya samu. Don haka muka ga ya dace mu yi wa 'yan'uwa bayani a kan wannan al'amari, musamman ganin cewa da yawanmu muna zaune ne nesa da dangi, inda idan abu ya faru cikin dare miji da mata ne kaɗai za su yanke shawarar abin yi.

Jijjiga daban, farfaɗiya daban

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana aiki ne da wani ɗan ƙaramin lantarki da ƙwayoyinta ke aika wa juna cikin tsari. Idan wani abu ya dagula wannan tsari, ƙwayoyin suka shiga aika saƙo barkatai a lokaci guda, to a nan ne jijjiga ke faruwa. Wani zai sandare ya faɗi, hannuwa da ƙafafu su yi ta fizga, kumfa ta fito a baki, har ma fitsari ya kufce masa. Wani kuma ba zai faɗi ba, sai dai ya ƙura wa wuri ɗaya ido, ana magana ba ya amsawa, ko ya yi ta tauna baki, ko hannu ɗaya kawai ya riƙa rawa. Yawanci abin yakan lafa da kansa cikin minti ɗaya zuwa uku, sannan mutum ya farfaɗo a gajiye, bai san abin da ya faru ba.

Kowace ƙwaƙwalwa tana iya yin jijjiga idan aka matsa mata, misali idan sukari ya faɗi ƙasa sosai, ko iskar oksijin ta ƙaranta, ko mutum ya bugu a ka. Irin wannan ita likitoci ke kira jijjiga mai sanadi, kuma da zarar an kawar da sanadin, galibi ba ta dawowa. Farfaɗiya kuwa ita ce idan jijjiga ta zama tana maimaituwa ba tare da wani sanadi na nan take ba. Sanin wannan bambanci yana da amfani ƙwarai, domin yawancin waɗanda suka yi jijjiga a tsakiyar jinyar korona suna cikin rukunin farko ne. Saboda haka kada iyali su yanke hukuncin cewa ɗansu ko mahaifinsu ya zama mai farfaɗiya don kawai ya faɗi sau ɗaya yana cikin zazzaɓi. Likita ne zai tantance bayan bincike.

Yaya yawan faruwarta yake?

Rahoton farko da ya ja hankalin duniya ya fito ne daga birnin Wuhan na ƙasar Sin a watan Afrilun 2020. Likitoci sun duba majinyata 214 da aka kwantar, suka samu kashi 36 cikin 100 suna da wata alama ta ƙwaƙwalwa ko jijiyoyi, amma mutum ɗaya tak ne ya yi jijjiga. Wani binciken a ƙasar ta Sin a kan majinyata 304 bai samu ko mutum ɗaya da cutar ta jawo wa jijjiga ta haƙiƙa ba.

A birnin New York na Amurka kuwa, inda annobar ta yi ƙamari a bazarar 2020, an bi diddigin majinyata 4,491 da aka kwantar tsakanin watan Maris da Mayu. Kashi 13.5 cikin 100 sun samu sabuwar matsalar ƙwaƙwalwa ko jijiyoyi. Ruɗewar hankali ce ta fi yawa, sannan shanyewar ɓarin jiki, sai jijjiga wadda ta samu kashi 1.6 cikin 100. Kusan rabin waɗanda suka yi jijjigar ba su taɓa yin ta ba a rayuwarsu.

Sai kuma babban binciken da masana na Jami'ar Oxford a Ingila suka wallafa a shekarar 2022. Sun kwatanta bayanan asibiti na mutum 152,754 da suka kamu da korona da na wasu masu yawa kamar haka da suka kamu da murar fulu. Cikin wata shida bayan kamuwa, kashi 0.81 cikin 100 na masu korona sun yi jijjiga, masu fulu kuwa kashi 0.51. Waɗanda aka tabbatar wa farfaɗiya sun kai kashi 0.30 a ɓangaren korona, da kashi 0.17 a ɓangaren fulu. Bambancin ya fi fitowa fili a tsakanin yara, da kuma waɗanda ciwon nasu bai kai ga kwanciya asibiti ba.

Idan mai karatu ya dubi waɗannan alƙaluma zai ga abu biyu. Na farko, abin ba shi da yawa, domin cikin mutum 100 da suka kamu, fiye da 99 ba za su yi jijjiga ba. Na biyu, korona ta fi murar fulu jawo ta, kuma tun da cutar ta kama ɗaruruwan miliyoyin mutane, wannan ɗan kason ya zama jama'a masu yawa.

Wannan hali ba baƙo ba ne a dangin ƙwayoyin cutar korona. A lokacin cutar SARS ta shekarar 2003, likitoci a Hong Kong sun ba da rahoton majinyatan da suka yi jijjiga kuma aka samu alamar ƙwayar cutar a ruwan ƙashin bayansu. 'Yan'uwanmu mazauna Saudiyya kuma za su tuna da cutar MERS, wadda aka fara gano ta a jikin wani majinyaci a Jidda a shekarar 2012, kuma ake ɗauka daga raƙuma. Ita ma an samu ruɗewar hankali da jijjiga a tsakanin wasu da ta kwantar.

Ta yaya ciwon huhu ke kaiwa ga ƙwaƙwalwa?

Da farko an zaci ƙwayar cutar ce ke kutsawa cikin ƙwaƙwalwa kai tsaye. Abin da ya ƙarfafa wannan zato shi ne labarin wani saurayi ɗan shekara 24 a lardin Yamanashi na ƙasar Japan, wanda a watan Maris 2020 aka same shi a sume, ya kuma yi jijjiga a hanyar zuwa asibiti. Gwajin hancinsa bai nuna korona ba, amma an same ta a ruwan ƙashin bayansa, hoton ƙwaƙwalwarsa kuma ya nuna kumburi. Daga baya aka gane cewa irin wannan ba kasafai yake faruwa ba. A binciken New York da muka ambata, duk ruwan ƙashin bayan da aka gwada ba a samu ƙwayar cutar a ciki ba. A mafi yawan lokuta ƙwaƙwalwa tana shan wahala ne saboda ɓarnar da cutar ke yi a sauran sassan jiki.

Babbar hanya ita ce ƙarancin iskar oksijin. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 na oksijin da mutum ke shaƙa, don haka idan huhu ya gaza ita ce kan gaba wajen jigata. Korona tana da wata ɗabi'a mai haɗari, wato oksijin ɗin mutum ya yi ƙasa sosai alhali yana zaune yana hira, bai ji numfashinsa ya sarƙe ba.

A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye a matsayinmu na baƙaƙen fata. Ɗan na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin tana aiki ne da haske, kuma duhun fata yana iya sa ta nuna lamba sama da gaskiya. Wani bincike na Jami'ar Michigan da aka wallafa a watan Disambar 2020 ya gano cewa na'urar ta kasa gano ƙarancin oksijin a jikin baƙaƙen fata kusan ninki uku na yadda ta kasa a jikin fararen fata. Saboda haka idan majinyaci yana haki, ko ya ruɗe, ko leɓɓansa da dasashinsa sun sauya launi, kada a tsaya ana cewa ai na'ura ta nuna lafiya.

Hanya ta biyu ita ce rikicewar sinadaran jini. Mai fama da amai, gudawa da rashin cin abinci, ko wanda ƙodarsa ta taɓu, gishirin jininsa, wato sodiyom, yana iya sauka, haka ma kalsiyom. Masu ciwon sukari kuma sukarinsu yakan hau ko ya faɗi a lokacin jinya. Kowanne daga cikin waɗannan ya isa ya jawo jijjiga.

Hanya ta uku ita ce garkuwar jiki da kanta. A jikin wasu mutane, garkuwar takan wuce gona da iri wajen yaƙar cutar, ta saki sinadaran kumburi masu yawa cikin jini. Akwai wani shinge da ke tace abin da ke shiga ƙwaƙwalwa daga jini, to waɗannan sinadarai suna raunana shi, su kuma harzuƙa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. A wasu lokuta ƙalilan garkuwar takan juya ta afka wa ƙwaƙwalwar kwanaki ko makonni bayan mutum ya warke.

Hanya ta huɗu ita ce daskarewar jini. Korona tana sa jini ya yi gudaji, idan kuwa gudan ya toshe jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa, ko wadda ke fitar da shi, sai a samu shanyewar ɓarin jiki. Wurin da ya lalace yana iya haifar da jijjiga nan take, ko kuma tabon da ya bari ya zama tushen farfaɗiya bayan watanni.

Bayan waɗannan, akwai zazzaɓi mai zafi da rashin barci, akwai kuma wasu magunguna masu ƙarfi na kashe ƙwayoyin cuta da ake bai wa masu jinya mai tsanani, waɗanda kan taru a jiki idan ƙoda ta raunana. Akwai ma jijjigar da ba ta bayyana a jiki sam. Majinyacin da ke kan na'urar taimakon numfashi yana iya kwanciya shiru alhali ƙwaƙwalwarsa tana cikin jijjiga, kuma ba a gane hakan sai da gwajin EEG, wanda ake liƙa wayoyi a fatar kai don karanta lantarkin ƙwaƙwalwa. Wannan yana daga cikin dalilan da likitoci ke bincika idan mutum ya daɗe bai farka ba bayan an janye masa maganin barci.

Batun yara

Jijjigar zazzaɓi daɗaɗɗiyar aba ce a wurin yara, iyayenmu mata sun san ta tun kafin korona. Tana samun yara daga wata 6 zuwa shekara 5 ko 6, kuma yara 2 zuwa 5 cikin kowane 100 sukan yi ta. Kowane irin zazzaɓi yana iya tayar da ita. A farkon annobar ba a cika ganinta tare da korona ba, amma bayan ɓullar nau'in Omikron, wanda Afirka ta Kudu ta fara sanar da duniya a watan Nuwamban 2021, likitocin yara a can da Japan da wasu ƙasashe sun ba da rahoton ƙaruwar yaran da ake kawowa da jijjiga.

Abin kwantar da hankali shi ne yawancin jijjigar zazzaɓi gajeruwa ce, ba ta lalata ƙwaƙwalwa, kuma mafi yawan yaran da suka yi ta ba sa zama masu farfaɗiya. Kusan ɗaya cikin uku zai iya sake yi idan wani zazzaɓin ya zo. Farasitamol yana sa yaro ya ji sauƙin jiki, amma ba ya hana jijjiga, don haka kada uwa ta zargi kanta cewa da ta ba da magani da wuri da abin bai faru ba, kada kuma a ƙara yawan maganin fiye da ƙa'ida. Ba a bai wa yaron da bai kai shekara 16 ba asfirin sai da umarnin likita.

Akwai kuma wani ciwon kumburi da likitoci a Landan suka fara jan hankali a kansa a watan Afrilun 2020, wanda ke bayyana a jikin yara mako 2 zuwa 6 bayan korona, ko da cutar ba ta wahalar da su ba. Alamunsa su ne zazzaɓin da ya ƙi sauka, ciwon ciki, jan ido, ƙuraje da kasala mai yawa, wani lokaci har da ruɗewa ko jijjiga. Ya ragu sosai a shekarun baya-bayan nan, amma yaron da ya nuna waɗannan alamu asibiti ne wurinsa a ranar.

Masu farfaɗiya tun da can

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 50 ne ke da farfaɗiya a duniya, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rabuwa da faɗuwa idan suna samun maganin da ya dace. Mai farfaɗiya idan ya kamu da korona, abin da ya fi jawo masa faɗuwa shi ne zazzaɓi, rashin barci, da tsallake shan magani, ko kuma ya sha ya amayar. Don haka kada ya daina shan maganinsa saboda jinya, kuma idan amai ya hana maganin zama a ciki, a kira likita a ranar.

Wani muhimmin abu shi ne karon magunguna. Maganin korona mai suna Paxlovid, wanda aka fara amfani da shi a ƙarshen 2021, ba a haɗa shi da carbamazepine, phenytoin, phenobarbital ko primidone, domin waɗannan suna sa hanta ta narkar da shi da sauri har ya rasa amfani. Mun rubuta sunayen yadda suke a jikin kwali don a iya dubawa. Wannan ya shafi gidajenmu sosai, ganin cewa wasu tsofaffinmu da suka zo ziyara sukan taho da maganinsu daga gida, wasu kuma aiko musu ake yi, ta yadda babu shi a rajistar likitan ƙasar da suke. A nuna wa likita ko mai haɗa magani duk abin da mutum ke sha, har da na gargajiya.

Game da allurar rigakafi kuwa, ƙungiyoyin likitocin farfaɗiya na duniya sun ba da shawarar masu farfaɗiya su karɓa, domin haɗarin cutar ya fi na allurar. Wanda ya san zazzaɓi na tayar masa da ciwon, sai ya tattauna da likitansa tun kafin ranar.

Abin da za a yi idan mutum ya faɗi

Da farko a dubi agogo, domin tsawon lokacin shi ne abu na farko da ma'aikatan lafiya za su tambaya, kuma a cikin firgici minti ɗaya yakan zama kamar goma. A janye duk abin da zai ji masa rauni, kamar tebur, kofin shayi ko na'urar ɗumama ɗaki. A sa masa matashi ko riga a ƙarƙashin kai, a sassauta abin da ya shaƙe wuyansa, a cire masa tabarau ko takunkumin fuska. Idan fizgar ta tsaya, a kwantar da shi a gefensa domin yawu ko amai ya zubo waje, a zauna tare da shi har hankalinsa ya dawo. Idan akwai wani a kusa, ya ɗauki bidiyon abin da waya, saboda yana taimaka wa likita ƙwarai.

Kada a danne shi, kada a tura masa cokali, tsinke ko yatsa a baki. Mutum ba ya haɗiye harshensa, amma cokali yana karya haƙori, yana kuma iya toshe hanyar numfashi. Kada a ɗura masa ruwa, zuma, man ja ko wani jiƙo, domin zai iya wucewa huhu, huhun da korona ta riga ta raunana. Kada a yi masa hayaƙi, kada a kwara masa ruwan sanyi, kada a kusantar da ƙafarsa ga wuta. Yawun mai jijjiga ba ya sa wa kowa farfaɗiya. Korona ce ake ɗauka, don haka mai taimako ya sa takunkumi idan yana kusa, ya wanke hannu daga baya, amma kada tsoro ya sa a gudu a bar mutum shi kaɗai.

A kira motar asibiti nan take idan wannan ne karon farko, ko jijjigar ta kai minti 5, ko ta sake dawowa kafin mutum ya farfaɗo, ko numfashinsa bai daidaita ba, ko ya ji rauni, ko a cikin ruwa abin ya same shi, ko mace ce mai ciki ko wadda ta haihu kwanan nan, ko mai ciwon sukari ne. Jijjigar da ta wuce minti 5 ba ta cika tsayawa da kanta ba, kuma tana iya lalata ƙwaƙwalwa ko ta yi kisa, amma akwai allurar da ke tsayar da ita. Lambar gaggawa a Birtaniya ita ce 999, a Amurka da Kanada 911, a ƙasashen Tarayyar Turai 112, motar asibiti a Saudiyya kuwa 997. Mazauna sauran ƙasashe su nemi tasu tun yanzu su rubuta a inda kowa zai gani, su kuma koya wa manyan yara da matan da ba su daɗe da zuwa ba yadda za su faɗi adireshin gida da harshen ƙasar. Mai son yin addu'a ya yi, amma bayan an buga waya.

Kada batun takardu ko kuɗi ya hana kiran taimako. A Ingila, kulawar sashen gaggawa kyauta ce ga kowa. A Amurka kuma akwai dokar tarayya ta shekarar 1986 da ta wajabta wa sassan gaggawa na kusan dukkan asibitoci su duba mutum su ceto shi ko yana da inshora ko ba shi da ita.

A asibiti

Likitoci za su auna sukari, oksijin da sinadaran jini, wataƙila su ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, su yi gwajin EEG, ko su ɗebi ruwan ƙashin baya idan suna zargin kumburi. Wanda ya ga faɗuwar da idonsa shi ya fi dacewa ya raka majinyaci. Wanda harshen ƙasar bai zauna masa ba ya nemi tafinta, domin asibitocin gwamnati a Birtaniya da yawancin na Amurka suna samar da shi kyauta, kuma ya fi a sa ƙaramin yaro fassara.

Abu ɗaya da bai kamata a manta ba shi ne maganar tafiya gida. Idan mutum ya je Nijeriya, Nijar, Gana, Kamaru, Chadi ko Sudan cikin shekara guda da ta wuce, musamman watanni ukun baya, a faɗa wa likita tun kafin ya tambaya. Zazzaɓin cizon sauro idan ya hau kai yana jawo jijjiga da suma, haka ma sanƙarau, wanda yankinmu ke cikin ƙasashen da ya fi addaba a lokacin zafi. Gwaji ya nuna korona ba ya nufin babu maleriya, mutum yana iya ɗauke da duka biyun. Likitan da ke Turai ko Amurka ba lallai tunaninsa ya kai can ba idan ba a ambata masa ba, ga shi kuma yaran da aka haifa a ƙetare ba su da garkuwar maleriya ko kaɗan, manya ma tasu takan ragu bayan shekaru a waje.

Bayan an sallamo

Idan jijjigar mai sanadi ce, sau da yawa ba a ɗora mutum a kan magani na dindindin, ko kuma a ba shi na ɗan lokaci. Duk da haka a kiyaye ranar komawa wurin likitan ƙwaƙwalwa. Kafin a tabbatar abin ya wuce, ya riƙa wanka a tsaye maimakon shiga kwamin wanka cike da ruwa, kada ya kulle ƙofar banɗaki, kada ya yi iyo shi kaɗai ko ya hau tsani, a kuma kula da shi wajen girki.

Sai batun tuƙi, wanda ya shafi abincin da yawa daga cikinmu masu tasi da masu kai kaya. A Birtaniya doka ta wajabta wa wanda ya yi jijjiga ya daina tuƙi ya sanar da hukumar DVLA. Ga mai ƙaramar mota, dakatarwar takan kasance wata 6 bayan jijjiga ta farko marar sanadi, ko shekara 1 ga mai farfaɗiya, jijjiga mai sanadi kuma ana duba ta ne gwargwadon bayanin likita. Sharuɗɗan masu manyan motoci da bas sun fi haka tsauri, kuma ƙananan hukumomi da yawa da su suke auna masu tasi. A Amurka kowace jiha da tata dokar. Ɓoye maganar yana iya soke inshora, ga kuma haɗarin ran fasinja da na mai tuƙin kansa.

Daga ƙarshe, mun san yadda ake ɓoye wannan ciwo a tsakaninmu saboda gudun surutu, ko tsoron kada a ƙi auren 'ya'yan gidan, ko a ce iska ce ta taɓa mutum. Ɓoyewar ce ke sa yaro ya tafi makaranta malamansa ba su san abin yi ba idan ya faɗi, ko tsoho ya yi ta shan maganin da likitansa bai san da shi ba. Wanda abin ya samu a gidansa ya sanar da makarantar yaro, ya sanar da maƙwabci ɗaya ko biyu da ya amince da su, ya kuma nemi likita ya rubuta masa takardar matakan da za a bi idan ta sake faruwa. Muna roƙon 'yan'uwa su karanta wa waɗanda ba sa karatun boko wannan bayani, musamman iyayenmu da ke zaune da jikoki a gida da rana. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana lafiya baki ɗaya.